Mai Molo a Bayan Labule

Ina ɗan shekara ashirin da uku na fara koyarwa a wata makarantar gaba da firamare a garinmu, Kontagora, 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Abu biyu nake ji da su a lokacin. Akwai jitar da na saya a hannun wani mai gyaran agogo, akwai kuma bakina, kuma bakin ya fi jitar ƙara. Duk inda aka zauna hirar Turawa da abin da suka yi wa baƙar fata, ni ne mai miƙewa tsaye ina nuna yatsa, har jijiyar wuyana ta fito. Mahaifiyata takan ce da surutu ne ke korar Bature, da ni kaɗai na isa.

A shekarata ta biyu aka turo mana malami daga Amurka, cikin samarin nan masu aikin sa kai. Mun shirya tarbar Bature, sai ga mutum ya sauko daga mota baƙi wuluk, ya ma fi ni baƙi. Gari ya rasa inda zai ajiye shi, sai aka sa masa Baƙin Bature, ya kuwa amsa. Mutum ne marar hayaniya. Ya koyi Hausa da wuri, sai dai har ya bar ƙasar nan bai daina ce wa shugaban makaranta "ke" ba. Ya zo da garmaho mai batir da akwati guda na fayafayi, ni kuwa na maƙale masa. Kullum bayan la'asar ina barandarsa, muna shan shayi muna jin kiɗan mutanensa.

Wata rana ya ɗora mini fayafayi biyu a jere. Na farkon muryar wani dattijo ce mai kauri, shi kaɗai da jitarsa, faifan duk ya goge yana ƙara kamar ana suyar ƙosai. Na biyun waƙar ce dai, amma wani saurayi farar fata ke rerawa, da kayan kiɗa masu yawa a bayansa. Ya ce mini na farkon mahaifinsa ne, kuma shi ya yi waƙar. Shekaru ya yi yana kiɗa a manyan otal, ta ƙofar kicin yake shiga, ta nan yake fita, kofin shan ruwansa ma daban ne. Sai masu buga faifai suka ɗauki waƙar suka ba wannan saurayi, ta zaga duniya. Ya miƙo mini faifan na biyu na karanta rubutun da ke tsakiyarsa. Sunaye biyu ne a matsayin masu waƙar, babu na mahaifinsa.

Ranar na yi abin da na saba. Na buga cinya, na tashi, na zauna, na tsine wa masu faifai da kakanninsu. Ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya ce, "Babana bai taɓa zagin kowa ba. Abin da yake cewa kawai, da sun bar masa sunansa." Na ce wallahi da ni ne a wurin da an ga tashin hankali. Da gaske nake faɗa, kuma na yarda da kaina ƙwarai.

To, mahaifina fataucin hatsi yake yi, kuma ranar kasuwa zauren gidanmu cike yake da manoma daga ƙauyuka. Cikinsu akwai wani dattijo Bakambare daga wani ƙauye a kan hanyar Auna, tafiyar rabin yini a ƙafa. Tun ina yaro yake kawo doya da dawa. Ya girmi mahaifina, amma ban taɓa ce masa Baba ba. "Mai doya" muke ce masa, mu da yaran unguwa duka. Abin da ya gudana tsakanin kakanninmu na birni da kakanninsa na ƙauye kowa a garin nan ya sani, ba a dai faɗa. Ragowarsa tana nan a ƙananan abubuwa. A zaurenmu akwai wani ƙoƙo mai tsagaggen baki rataye a ƙusa, da shi ake ba irinsu ruwa, kuma ba ya taɓa shiga cikin gida.

Dattijon yana da molo mai tsirkiya uku. In yana jiran mahaifina ya gama awo, sai ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida ya riƙa kaɗawa a hankali, ba don kowa ba. Akwai wani kiɗa da yake yawan maimaitawa, mai wata irin tafiya: zai yi taku uku ya ɗan tsaya, kamar mai goyo yana lallashi, sannan ya ci gaba. Na daɗe ina jinsa ban kula ba, sai da na sayi jita. Na zauna da shi sati biyu har na ɗauke shi tsaf, na sa masa baitoci da Hausa a kan baƙar fata ya tashi ya karɓi haƙƙinsa. Ku dai ji abin da na zaɓa in rera a kan kiɗan mutumin! Muka haɗa 'yar ƙungiya a makaranta, ni da jita, Ba'amurken da ganga, ɗalibai suna amshi. Waƙar ta karɓu, har masu tallar fura suna rera ta. Kowa na cewa waƙar Malam, ni kuma ina amsawa da murmushi.

Asirina ya fara tonuwa ranar da Ba'amurken ya raka ni gida, aka yi dace ranar kasuwa ce. Tun daga nesa ya tsaya cak, don dattijon na gindin mangwaro yana kaɗa kiɗan. Muka ƙarasa. Mahaifiyata ta aiko wa baƙo da ruwa a tambulan a kan faranti. Ni kuma, da hannuna, ba tare da na yi tunanin komai ba, na ciro ƙoƙon daga ƙusa na ɗebo wa dattijon. Ba'amurken ya dubi ƙoƙon, ya dubi tambulan ɗin da ke hannunsa, ya dube ni. Bai sha ruwan ba.

Ya ce, "Kiɗan nan na wane ne?"

Na ce, "Ai irin kiɗan ƙauye ne, ba shi da mai shi."

Sai ya wuce ni. Ya tsuguna a gaban dattijon, ya gaishe shi yadda ake gaida manya, ya ce, "Baba, wa ya yi wannan kiɗa?"

Dattijon ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin suka yi shiru. Da Hausarsa mai nauyi ya ce, "Ni na yi shi. Na yaro nawa ne." Ya ce ɗansa na fari yana jariri ya yi ciwon da aka fid da rai, ba ya barci sai an kaɗa masa wannan. Ya warke, ya girma, ya zama ƙato. Shekara uku da suka wuce suka yi faɗa a gona, uban ya mare shi a gaban sa'o'insa, yaron ya ajiye fartanya ya tafi. An ce an gan shi a motar masu zuwa haƙar kuza wajen Jos. Tun daga nan ko saƙon gaisuwa babu. Uwarsa ta rasu bara bai sani ba. Shekara ashirin mutumin nan yana zama a ƙofar gidanmu, sai ranar na san yana da ɗa.

Ba a daɗe ba aka aiko wa makaranta cewa ma'aikatan gidan rediyo daga Kaduna za su zo da motarsu su ɗauki waƙoƙin ɗalibai, kuma tawa ce a kan gaba. Ba'amurken ya ce lallai mai kiɗan ya kaɗa da kansa. Ban iya musu ba, bayan duk abin da bakina ya zuba a barandarsa. Muka gaya wa dattijon. Ya tambaya ko wannan akwati mai magana ana jinsa a Jos. Muka ce har gaba da Jos. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo: a faɗi sunansa da sunan ƙauyensu, a ce uban wane ne, yana nan da rai, kuma ya huce. "In yaro ya ji, zai zo." Na dafa ƙirji na ce ya bar wannan a hannuna, ba fashi.

Ranar ɗaukar, zauren taron makaranta ya cika da hantsi. Manyan En'e, wato hukumar gargajiya, sun zo da manyan riguna, ga shugaban makaranta, ga abokan mahaifina na kasuwa a layin gaba. Ni kuma na sha kwat ɗin aro ina ta zufa. Dattijon ya taso tun kafin asuba a ƙafa. Na same shi a bakin ƙofar makaranta, da sabon warki ya sha mai, da wata tsohuwar rigar soja da ya wanke ta fes, ƙafa ba takalmi, ƙura har gwiwa, molo a kafaɗa. Iyakar kwalliyarsa ke nan, kuma don wannan rana ya yi ta. Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus suna dariya. Wani babban mutum da ke saukowa daga mota ya ce, "Wannan kuma daga ina?" Ba ma da ni yake ba. Amma na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na kama hannun dattijon na zagaya da shi ta bayan ginin, ta ƙofar da ake shigo da kujeru. Na zaunar da shi a kan buhu a bayan labulen dandamali, na ce masa a nan molo ya fi fitar da sauti. Mai ɗaukar murya bai damu ba, ya jawo makirfo ɗaya ya ajiye masa. Ba'amurken yana ɗaure gangarsa ya hango mu. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ta wace ƙofa ya shigo?" Na yi kamar ina gyara tsirkiyar jita.

Aka kaɗa. Gaskiya ban taɓa jin waƙar ta yi daɗi irin na ranar ba, don duk wanda ke zauren yana jin wani abu na fitowa daga bayan labule yana ɗauke da mu gaba ɗaya. Jitata bin sa kawai take yi. Aka yi tafi har da tashi tsaye. Ma'aikacin rediyon ya zo da ɗan littafinsa, manya sun kewaye ni, shugaban makaranta ya dafa kafaɗata yana cewa ɗanmu ne, ɗan garin nan. Ma'aikacin ya ce, "Malam, wa ya tsara kiɗa da waƙa?" Na ce ni ne. Ya rubuta. Ya ce, "Mai molon fa?" Sunan mutumin yana kan harshena, da na ƙauyen, da na ɗan, duk na haddace su. Na ce, "Mai taya mu ne kawai." Ya rufe littafin. Na zagaya bayan labule na ce wa dattijon an gama, komai ya shiga. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya.

Bayan sati uku aka sa waƙar a shirin yamma. Na riga na gaya masa ranar, ya tara mutanen ƙauyensu a gidan mai gari, inda rediyo ɗaya tilo yake. Ranar kasuwa ta gaba ya zo, ya sauke doyarsa, ya gaida mahaifina, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, an ji kiɗa. Suna ne bai fito ba."

Na ce, "Mutanen Kaduna ne, sun yanke. Ka san halinsu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba komai. Yaro ya san hannu nawa."

Ba'amurken shi ma ya ji shirin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni kawai ko ni zan rubuta wa gidan rediyo a gyara, ko shi ya rubuta. Na roƙe shi ya bar mini, na ce in daga wurinsa ta fito na gama yawo a garin nan. Ya ce to, ya bar mini. Daga nan shan shayi a baranda ya ƙare, sai gaisuwar hanya. Wa'adinsa ya cika a ƙarshen zangon. Ranar da zai tafi ya aiko mini da faifai ɗaya a cikin takarda. Na buɗe da murna ina zaton na mahaifinsa ne. Na saurayin nan ne farar fata.

Ban rubuta ba. Kullum ina cewa gobe. Ana nan sai gidan rediyo suka aiko mini da ɗaurin wasiƙun masu saurare, yawanci na yabo, wasu na 'yan mata, na karanta su ina jin daɗi. Can ƙasa akwai wata a takardar littafin makaranta, da rubutun masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Daga wani barikin 'yan kuza take, kusa da Bukuru. Mai ita ya ce shi lebura ne, ya ji kiɗan a rediyon wani mai shayi har ya kasa haɗiye abin da ke bakinsa. Ya ce hannun da ya kaɗa molon nan ya san shi, amma sunan da aka faɗa baƙo ne. Yana roƙon Malam don Allah ya gaya masa: mai molon mutumin hanyar Auna ne? Yana da rai, ko tsohon ɗauka ne aka sa? In yana da rai, yana fushi har yanzu? Ya ce ba zai iya zuwa ba sai ya san ba za a kore shi ba.

Na karanta ta sau uku a tsaye. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko ɗan aji ɗaya ya sani: in hau keke in nufi hanyar Auna. Amma in na kai wa dattijon, ƙauye zai ji, zauren mahaifina zai ji, daga nan kasuwa, daga kasuwa sai makaranta. Za a ce ashe waƙar Malam ta mai doya ce. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Na ce bari jarrabawa ta wuce. Jarrabawa ta wuce na ce bari in samo dabarar faɗa. In na canza riga sai in canza mata aljihu, don ina tsoron a gan ta a ɗaki. Kasuwa bakwai ta ci takardar na jikina. Kowace ranar kasuwa dattijon zai ce, "Malam, ba labari?" Ni kuma, takardar na manne da ƙirjina, in ce, "Ba tukuna."

A kasuwa ta takwas ya zo ba molo. Ya ware doya uku manya daga kayansa ya ajiye a gabana. Ya ce in daina wahalar da kaina, na yi iyakar ƙoƙarina, yaron ne dai ba ya so, ko kuma ya mutu. Doyar ta godiya ce. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi, a nan gindin mangwaro, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin "yana fushi har yanzu", ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi. Na jira. Da ya natsu sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya riƙe.

Bai iya karatu ba, amma ba karatu yake nema ba. Ya juya ta gaba da baya. Ninkin ya yi baƙi har ya fara tsagewa, gefen ya yi laushi, ga tabon zufa ya ci rabin adireshin. Ya shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, "Malam, takarda wannan ta daɗe a aljihu." Ban ɗaga kai ba. Na gaya masa komai, da labulen, da littafin ma'aikacin rediyo, da ƙaryar da na ɗora wa mutanen Kaduna. Ya saurara har na gama. Ya ce in kawo alƙalami.

A ranar muka rubuta amsa, yana faɗa ina rubutawa. Gajeriya ce: ina da rai, na huce, zo gida. Ni da kaina na kai gidan waya. Na rubuta wa gidan rediyo ma, na faɗi mai kiɗan na gaskiya, suka karanta gyaran sau ɗaya a ƙarshen wani shiri, cikin gaishe-gaishe. Abin da nake tsoro kuwa ya faru. Gari ya yi dariyarsa ta sati biyu, ɗalibai suka sa mini suna, aka wuce wurin. Abin da na ɓoye takarda kasuwa bakwai saboda shi ke nan.

Bayan wata ɗaya wasiƙarmu ta dawo ba a buɗe ba. Akawun barikin ya yi rubutu a bayan ambulan: an rufe ramin, an sallami leburori, mai wannan suna ya tafi kwana goma kafin isowarta, ba a san inda ya nufa ba.

Ranar kasuwa na tare dattijon tun daga bakin hanya. Muka shiga zaure, na shiga cikin gida da kaina na ɗebo masa ruwa a tambulan, mahaifiyata na kallona. Ya dubi tambulan ɗin, ya miƙe, ya ciro ƙoƙonsa daga ƙusa, ya miƙo mini in juye masa a ciki. Ya sha. Sannan na karanta masa abin da akawun ya rubuta. Ya ƙirga wani abu da yatsunsa a hankali, ya sake ƙirgawa.

Ya ce, "Da mun rubuta lokacin da ta zo, da ta same shi?"

Ina iya cewa Allah ne masani, kuma da ya karɓa. Na ce, "Da ta same shi, Baba."

Wannan ne karo na farko da na kira shi haka. Ya mayar da ƙoƙon kan ƙusa, ya fita wurin doyarsa. Ya ƙara damina biyu yana zuwa gidanmu, yana gaishe ni kamar kullum, amma bai sake zuwa da molon ba, bai kuma sake tambayata ko akwai labari ba.